Hutun Sati Shida a Gidan Gwaggo

Ranar wata Asabar ce, kwana biyu da ba mu dogon hutu, ina aji uku a firamare, a shekarar da babbar Sallah ta faɗo cikin damina. An kwana ana ruwa, gari ya waye da laka har bakin zaurenmu a Daura. Baba ya fito da kekensa, ya ninke tsohon buhu a kan kariya, ya ɗaure da roba, ya ce in hau. Kayana gaba ɗaya a ƙulle suke cikin ɗankwali: riga biyu, wando ɗaya, sai wata hula da ta fara yi mini kaɗan. Inna tana tsakar gida tana tankaɗen garin tuwo, ta ba ƙofa baya. Na leƙa na ce, "Inna, mun tafi." Ba ta ɗago ba. Ƙanwata Hadiza ta kalla, ta ce, "Ce masa Allah ya kiyaye hanya." Baba ya tura keken har muka wuce inda ruwa ya kwanta, sannan ya hau, ya yi magana ba tare da ya waiwayo ba: "Sati shida ne. Jajiberin Sallah zan zo in ɗauke ka, ka yi Sallah a gida, ka koma makarantarka." Ina da shekara tara. Abin da aka faɗa mini shi na ɗauka.

Sunana Lawal, duk wanda ya ji sunan ya san ni ne ɗan fari. Yaran yanzu sai an yi musu bayani. A lokacinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, in ana dukansa ba ta shiga, in ana yabonsa sai ta tashi ta ba da wuri. Kunya ce, kuma da ita ake gane macen da ta fito gidan mutunci. Wasu matan suna yi sama-sama, su saki jiki in ba kowa. Inna ba ta san sama-sama ba. "Kai" take ce mini, in kuma da wani take magana sai ta ce "yaron nan" ko "wancan". Abincina Hadiza ke miƙo mini. In na yi zazzaɓi kakata ta wajen uwa ake aika wa ta zo ta dafa mini sabara. Ban ɗauki wannan a bakin komai ba, tunda da shi na buɗe ido. Na dai san Hadiza na hawa cinyarta, ni ba na hawa.

Makaranta kuwa ba zan ce ni mai ƙoƙari ba ne. Ina tsakiyar aji, ba a kiran sunana a yabo, ba a kira a bulala sai in an makara. Amma ina son wurin. Ina son ƙarar tsohon wilin motar da aka rataye a darbejiya ana bugawa in lokacin tara ya yi, da rububin da muke yi wajen mai ɗanwake, da sharar fili da safe kowa da tsintsiyarsa a hammata. Abin da ya fi ci mini rai shi ne biro. Malaminmu ya ce daga aji huɗu an daina rubutu da fensir. Ni da Sule, yaron maƙwabtanmu da katanga ɗaya ta raba mu, wanda aka haife mu sati guda, har mun je kanti mun ga irin wanda za mu saya, mai shuɗin murfi. Kanmu ɗaya ni da Sule a lokacin, in muka tsaya baya da baya ba a gane wanda ya fi tsawo. Da shi muka yi sallama a daren Juma'a kan cewa sai jajiberi.

Ƙauyen su Gwaggo Asabe yana bayan Zango, sai an bar titi an bi burtali tsakanin gonaki, inda yashi ke kama tayar keke dole a sauka a tura. Gwaggo yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Uwarsu ta rasu Baba yana rarrafe, ita ta goye shi, ita ta tauna masa abinci, shi ya sa har ya yi furfura "Auta" take ce masa, shi kuma ba ya zama a kujera in tana tabarma. Ta haihu biyar, huɗu sun koma tun suna ƙanana, ɗayar mace ce an yi mata aure can cikin Nijar. Daga ita sai mijinta Baba Mati, wani dogon mutum da zai yini bai yi magana goma ba. Gidan ɗaki biyu ne na jinka, rumbu uku, danga ta kara, awaki bakwai, jaki ɗaya, da ragon layya a turke a gindin darbejiya. Da Gwaggo ta gan mu ta yar da muciya ta taho da gudu, ta sauke ni daga keke kamar jariri, tana juya ni tana cewa, "Lawali! Lawalina! Dubi yadda suka bar ka kamar kara." Ban taɓa jin babbar mace ta kira sunana da ƙarfi haka ba. Kunya ta kama ni, na sunkuyar da kai.

Ba zan yi mata ƙarya tana kabari ba, Gwaggo ta riƙe ni da kyau. Ba ta taɓa ɗaga mini hannu ba. Da safe kunun tsamiya da ɗumamen tuwo, da hantsi ta dama fura da nonon da Fulanin bayan gari ke kawowa, ta tsaya a kaina tana cewa, "Shanye, nan ba birni ba ne, ba a rage wa kowa." Aiki kuma akwai shi. In an idar da asuba in share turken awaki, in kwashe takin a zuba bayan danga, in bi Baba Mati gona. Lokacin ana maimai, ya sassaƙa mini 'yar ƙaramar hauya daidai hannuna, kwana uku tafina ya yi bororo ya fashe, Gwaggo ta shafa mini man shanu ta ɗaure da tsumma. Da rana in yanko wa rago ciyawa, in kai jaki rijiya a ɗoro tuluna, da yamma ta aike ni tsinko tafasa ko rama a gefen gona. Sauran lokacin na yaran ƙauyen ne. Da farko sun raina ni, suna ce mini ɗan birni mai tsoron kaska, har sai da na kayar da wani Iro a kokawa a kan yashin burtali, shi ma don santsi ya ɗebe shi ne. Daga nan aka sa ni a langa. Muka riƙa wanka a tafki har idonmu ya yi ja, muna ƙera shanu da yumɓu mu yi musu ƙaho da ƙaya, muna harbin kurciya da danƙo mu gasa a bayan gari, a raba har ƙafa. Da gero ya yi bununi ya fara ido, aikinmu ya koma korar tsuntsaye, a rataya gwangwanaye a igiya ana ja ana ihu. Ladan aikin shi ne tumu: ka karyo kan gero ɗanye, ka babbaka a wuta, ka murje a tafi, ka hure, ka watsa a baki. Har yau ban ci abin da ya kai shi ba.

Duk da haka ina ƙirga kwanaki. Na fara da gawayi a jikin rumbu, kullum zane ɗaya, ruwa ya zo da iska ya wanke. Sai na samo gwangwanin madara na soke shi cikin danga inda ba mai gani, kullum kafin in tafi gona in jefa tsakuwa ɗaya. Lissafin aji uku ya isa ya nuna mini sati shida kwana arba'in da biyu ne. Wani lokaci in zazzage su a ƙasa in sake ƙirgawa, ko na yi kuskure sun fi haka. Ba wahala nake sha ba. Gida kawai nake so, da Sule, da biro.

Ranar jajiberi tun da safe na yi wanka, na ƙulle kayana, na je na zauna a gindin tsamiyar da ke bakin burtali. Baba bai iso ba sai bayan azahar, yana tura keke, da wani ƙulli a kariya inda ya kamata in zauna. Na karɓi keken na tura masa har gida. Aka shimfiɗa tabarma, ya sha ruwa, ya sha fura, suka gaisa da Baba Mati, aka yi maganar damina. Ni ina tsaye jikin rumbu da ƙullina a hannu, ba wanda ya ce in matsa. Can Gwaggo ta gyara zama.

"Auta, yaron nan fa ya zauna."

"Yaya, makaranta za a koma bayan Sallah."

"Makarantar guduwa za ta yi? Kai wace makarantar ka yi, ga ka nan da gidanka da sana'arka? Dube ni nan. In na faɗi a ɗakin nan wa zai kira mutane, jaki?"

Baba ya murza bakin tabarma. Ya ce, "To, bari in koma in ji ta bakin uwarsa."

Gwaggo ta yi dariya har da tafa hannu. "Uwarsa? A kan ɗan fari? Je ka tambaye ta, Auta. In ta buɗe baki ta ce a dawo mata da shi, ni da kaina zan goyo shi in kai mata."

Baba ya kwance ƙullin da ya zo da shi ya miƙo mini. Riga da wando ne na shuɗin yadi, da sabuwar hula. Ya ce, "Ga kayan Sallarka. Ka yi Sallah a nan tukuna." Gwaggo ta sa na gwada a gabansu. Sun zauna mini cif, kafaɗa da hannu da tsawo, kamar a jikina tela ya yanka. Da la'asar ya hau kekensa. Na bi shi har tsamiya, bai hana ni ba, bai kuma ce in hau ba.

Aka yi Sallah. Muka je idi a filin bayan gari, Baba Mati ya yanka ragon da na yi sati shida ina yi wa ciyawa, na riƙe ƙafa aka feɗe, Gwaggo ta gasa hanta ta ba ni kafin kowa. Washegari aka yi suya, muka yi yawon gidaje da su Iro, aljihuna ya jiƙe da mai. Kwana biyar bayan nan wani mai sayar da tabarmi da ya je Daura ya tsaya a ƙofar gida ya ba da saƙo daga Baba. Ya ce an tambayi uwar yaro, ta ce ita ba ta da ɗa, ɗan Gwaggo ne, yadda suka yi da shi daidai ne. Gwaggo ta ce, "Ka ji 'yar mutunci. Na san gidan da ta fito." Ina bayan danga ina ba awaki dusa, na ji komai.

Ranar Litinin ɗin da aka koma makaranta na kai awaki bakin tafki, na bar wa Iro su, na kama hanya. Na taka har Zango, daga nan na bi gefen titi ina tafiya ina hutawa, sai wani mai amalanken shanu ya ɗauke ni ya rage mini hanya. Na shiga Daura bayan la'asar, ƙafata duk ta faffashe. Mutumin da na fara gani a lungunmu Sule ne, bai ma cire rigar makaranta ba, da biro mai shuɗin murfi a maƙale a aljihu. Ya ce, "Kai, an kira sunanka yau, na ce kana hanya." Na shiga gida. Inna tana daka. Ta gan ni, taɓaryar ta tsaya a sama kamar na ƙiftawar ido, sannan ta ci gaba da dakanta. Ta ce, "Wa ya aiko ka?" Na ce ba kowa. Ta ce wa Hadiza, "Ba shi ruwa ya wanke ƙafa." Da aka sauke tuwo Hadiza ta kawo mini nawa, da ƙanzo a kai, wanda aka jiƙa da miya yadda nake so. Na cinye. Ban gane komai ba, yunwa nake ji. Baba ya dawo daga rumfarsa ta gyaran keke ya same ni. Na zaci duka, bai dake ni ba. Da gari ya waye ya ninke buhun nan a kan kariya. Na tsaya a tsakar gida ina kallon Inna, ina jira ta ce wani abu, ko kalma ɗaya ce, tunda Gwaggo ta ce in ta buɗe baki shi ke nan. Tana wanke-wanke, kwano ɗaya ta riƙe tana ta cuɗawa. Muka fita. A hanya, wajen da ake sauka a tura keke, Baba ya ce, "Yaya ce ta goye ni. Ba ni da bakin da zan ce mata a'a." Iyakar abin da ya taɓa faɗa mini a kan maganar ke nan har ya bar duniya.

Shekara bakwai na yi a ƙauyen. Boko ya tsaya a aji uku, don makarantar da ke kusa tafiyar awa guda ce, kuma gona ba ta jira. Na yi karatun allo wajen limamin garin, na iya noma, na iya kiwo, na iya ɗaurin jinka. Na zubar da tsakuwoyin, gwangwanin na riƙa zuba ƙugiyar kamun kifi a ciki. Daura sai da dalili ake kai ni, suna ko rasuwa, mu kwana ɗaya mu juyo, Gwaggo na riƙe da hannuna kamar za a ƙwace. Inna ta gaishe ta da ladabi, ni kuma ta ce, "Yaron nan ya gaida mutane kuwa?"

Abu ɗaya bai taɓa yankewa ba: kowace Sallah, ƙarama da babba, Baba zai zo da jajiberi da ƙullin riga da wando. Shekara biyun farko suna zauna mini daidai. A ta uku hannun ya ɗan zarce. A ta huɗu abin ya ɓaci. Hauya ta buɗa mini kafaɗa, na yi gajere na yi faɗi, rigar kuwa ta zo doguwa har ƙwauri, ga ta a matse a ƙirji, wandon sai da na naɗe shi sau uku. Gwaggo ta ce a kai wa tela a Zango, lokaci ya ƙure. Haka na sa na tafi idi. Liman ya yi kabbara, na ɗaga hannu, sai ji na yi ɓaar a hammata. Sahun yara ya ɗauki dariya ƙasa-ƙasa, aka idar Iro yana cewa na ari rigar Baba Mati. Ranar na yanke wa kaina hukunci cewa a gidanmu ba wanda ya san kamannina, yadi kawai ake ba tela a ce ya ɗinka wa wani yaro. Na daina tambayar Baba labarin gida. Kayan suka ci gaba da zuwa, kullum sun fi na baya tsawo, ni kuma in ba Iro da ya fi ni miƙewa.

Da Gwaggo ta rasu ina da sha shida, Baba Mati ya koma wajen danginsa, ni aka maido ni Daura. Na zauna a rumfar Baba na koyi gyaran keke, da babura suka yi yawa na koma kansu, har yau a nan nake. Sule ya yi karatu ya zama malamin makaranta, dogo siriri kamar gora. Muna gaisawa, amma ba mu koma yadda muke ba. Sai da na haura arba'in, ana saura kwana uku wata Sallah, ya kawo babur ɗinsa sarƙa na ƙara. Ya zauna a benci yana kallon wani tela da ke tsallaken titi yara sun yi masa layi, sai ya fashe da dariya. Ya ce, "Lawal, ka san ni na sha gwaji saboda kai? Duk Sallah in ta matso sai Innarku ta leƙo ta katanga ta kira ni, ta shigar da ni ɗaki ta saki labule. Wata igiyar rama gare ta. Ta auna kafaɗata ta ƙulla, ta auna hannu ta ƙulla, ta auna tsawo ta ƙulla. Ta ba ni ƙuli-ƙuli ta ce kar in faɗa wa kowa, wai na yaron gidan Gwaggo ne, ai kanku ɗaya. Da ribar ƙuli-ƙulin take yankar yadin, ta ba Hadiza igiyar ta kai wa tela. Har na shiga sakandare tana yi, sai na durƙusa take kai wa kafaɗata." Ya ci gaba da dariya, ya ce, "Suna yi maka daidai kuwa?" Na ce suna yi. Na ɗaure masa sarƙar, na ce ta kusa mutuwa, ya nemi sabuwa bayan Sallah. Ya tafi. Na zauna ban karɓi wani aikin ba har aka kira azahar. Ko a zuwan da nake yi Daura tare da Gwaggo, Inna tana iya auna ni, ina tsaye a gabanta. Ba za ta iya taɓa ni a ga ta taɓa ni ba, sai ta taɓa ɗan maƙwabta. Ban tambaye ta ba. In na tambaya kunya zan ba ta, kuma ta tsufa.

Yanzu 'ya'yana shida, Inna tana ɗakin da na gina mata a gidana, idonta ya yi rauni. Hutu in ya zo ni ba hutu ba ne. Gida ya cika da ihu tun safe, a ci na safe a tambayi na rana, wannan ya fasa kofi, wancan ya ɗauki wayata ya cinye caji, a yi faɗa a kan talabijin in an kawo wuta, in an ɗauke a yi faɗa a kan ba komai. Ba gona, ba tafki, ba wanda ya san tumu. Uwarsu Rabi tana kiran ɗanta na fari da sunansa tun daga zaure, har ta rungume shi in ya ci jarrabawa, Inna na ji sai dai ta girgiza kai. Ban san wanne ya fi ba, na dai san wanda aka yi mini.

Bara da dogon hutu Hadiza, wadda ke aure a Mai'adua, 'ya'yanta duk maza kuma sun girma, ta ce in kawo mata Ummi hutu. Ummi ita ce ta huɗu, shekararta tara, sunan Inna gare ta shi ya sa muke ce mata haka. Na kai ta a babur, na ce mata sati uku, ranar Asabar zan zo. Ana saura kwana biyu Hadiza ta kira ni a waya. "Yaya, ka bar mini yarinyar nan mana. Ga makaranta nan kusa da mu, in sa ta. Ai kai ma Gwaggo ce ta riƙe ka, me ya same ka?" Na ce bari in yi shawara. Gaskiya na so in bari. Baki shida ba wasa ba ne, gidan Hadiza ya fi nawa wadata, kuma gwaggon yarinya ce, tana da hakki. Na faɗa wa Rabi, ta ce, "Duk yadda kuka yi," ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba. Asabar ta zo na yi shirin rumfa kamar kullum. Na tsaya ƙofar Inna na gaishe ta. Tana zaune a kan buzu da carbi.

"Kai. Ba yau ka ce wa takwarata ba?"

"Yau ne. Hadiza ce ta ce a bar mata ita."

"Na ji. Ita yarinyar me ka ce mata?"

"Asabar."

"To je ka ɗauko ta. In Hadiza ta yi magana ka ce ni na ce." Ta ja carbi biyu, sannan ta ƙara, ba da ƙarfi ba, "Yaro yana ƙirga kwana. Ba shi kaɗai ke ƙirgawa ba."

Na tayar da babur na kama hanyar Mai'adua. Na samu Ummi a dakalin ƙofar gida, ta yi wanka, jakarta a kan cinya, Hadiza ta ce tun da aka idar da asuba take wurin ko kunu ta ƙi sha. Hadiza ta yi fushi, ta ce na fiye son kai, na ce Inna ce ta aiko ni, sai ta sakar mini ita. Da muka iso gida yarinyar ta wuce ɗakin Inna da gudu. Inna ta jawo ta tana lalube, ta dafa kafaɗunta, ta bi hannunta har yatsu, ta dafa kanta, tana cewa, "Ke, wa ya ce ki ƙara tsawo ban sani ba?" Ta daɗe ba ta sake ta ba. Ni ina tsaye bakin ƙofa da makullin babur, ina kallon hannun nan yadda yake aunawa.

Har yau Inna ba ta kira sunana ba. Na daina jira.